Kurudu: Tsakanin Neman Bindiga da Zaɓen Dama-dama

A daren Alhamis, 18 ga Janairun 2024, 'yan bindiga suka kutsa rukunin gidajen sojoji da ke Kurudu, suka yi harbe-harbe, suka yi awon gaba da mutum biyu daga wani gida. A watan nan Abuja ta ga abin da ya fi wannan muni. Makonni biyu kafin haka an kwashe wani magidanci da 'ya'yansa mata a Bwari, aka kashe ɗaya daga cikinsu, ɗaliba a Jami'ar Ahmadu Bello, jama'a suka dinga karo-karo a intanet don haɗa kuɗin fansar sauran. Duk da haka harin Kurudu ya tsaya wa mutane a rai ta wata fuska dabam. Unguwa ce da aka gina da sunan soja, ga katanga, ga ƙofa, ga masu gadi. Idan har an shiga nan an fita lafiya, me ya rage wa mai haya a ɗaki ciki da falo a bayan kasuwa?

Wanda bai san wannan ɓangare na Abuja ba, yana iya zaton Maitama da Asokoro su ne birnin. Kurudu tana kan titin da ya taso daga Nyanya da Karu, ya ratsa Jikwoyi, ya wuce Orozo ya dire Karshi, a cikin ƙaramar hukumar AMAC, ga duwatsu da dazuzzukan da suka haɗe da jihar Nasarawa a kusa. Nan ne ma'aikacin gwamnatin da kuɗin haya ya koro daga cikin gari yake kwana, ya yi sammakon fita kafin cunkoson Nyanya ya kama shi. Titin Apo zuwa Karshi da zai rage masa wannan azaba, tun 2011 aka ba da kwangilarsa, aka shafe shekara da shekaru ana alkawarin kammalawa. A nan kuma ɗan acaɓa daga Katsina yake neman abinci, da mai ruwa daga Sakkwato, da mai shayi daga Maraɗi, da maigadi daga Zamfara wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa. Duk maganar da za a yi a kan bindiga a Kurudu, sai an yi ta da waɗannan mutane biyu a zuciya, mai gida da mai tsaron ƙofarsa, domin ba iri ɗaya dokar take taɓa su ba.

Tun daga harin na Janairun 2024 maganar mallakar bindiga ta fito daga raɗa ta shigo majalisar hira. A watan ne ma Sanata Ned Nwoko na jihar Delta ya fito da batun ƙudurin da zai ba farar hula damar riƙe makami don kare kai. Ba shi ya fara ba. A Maris na 2018, Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu. A 2021 Aminu Bello Masari, yana gwamnan Katsina, ya faɗa wa talakawansa su nemi makami. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta wuce nan, ta ce za ta raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar domin masu neman lasisin bindiga. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya mayar da martani cewa gwamna ba shi da wannan iko. Shekara guda bayan haka Matawallen ya zama ƙaramin ministan tsaro, wato ya koma cikin gidan da ya ce ya gaza kare jiharsa. A Fabrairun 2025 kuwa shugaban hukumar DSS da kansa, Adeola Ajayi, ya ce ya kamata al'umma su zama sahun farko wajen kare garuruwansu.

Idan manya irin waɗannan suka faɗi haka, ba za a zargi ɗan fansho a Kurudu don ya fara tambayar nawa ake sayar da bindiga ba.

Sai dai doka ba ta tare da shi. Dokar makamai da Najeriya ke aiki da ita ta 1959 ce, an yi ta Turawa ba su ma tafi ba. Ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin bindigogin yaƙi da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu. Akwai na farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigar toka ta maharba, wadda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke sa wa hannu. Dokar ta fito fili ta ce lasisi ba haƙƙin kowa ba ne, ana iya hana mutum ba tare da ya yi laifin komai ba. A watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi gaba ɗaya, yana mai cewa makaman da ke yawo sun riga sun yi yawa. A gefe guda kuma sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya amince mutum ya yi amfani da ƙarfi daidai gwargwado don kare rai ko dukiya, haka ma dokar Penal Code da ake aiki da ita a Abuja da jihohin Arewa. An ba mutum izinin kare kansa ke nan, an kuma kulle ɗakin da kayan kariyar suke.

Masu neman a buɗe ɗakin suna da hujja mai nauyi, kuma rashin adalci ne a mayar da su mahaukata. Cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kusan miliyan shida a hannun farar hula a Najeriya, adadin da Janar Abdulsalami Abubakar ya maimaita a 2021. Kaɗan ne ƙwarai daga ciki ke da rajista. Wasu sun gangaro ta Sahara bayan rushewar Libiya a 2011, wasu maƙera ne ke ƙera su a cikin gida, wasu kuwa daga rumbun gwamnati suka fito. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya nuna cewa ya zuwa Disambar 2018 akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suke ba, 88,078 daga cikinsu AK-47 ne. Saboda haka hanin bai hana ɓarawo komai ba. Wanda ya hana shi ne mai tsoron doka. Ƙari a kan haka, Mike Okiro, lokacin da yake shugabantar hukumar kula da ayyukan 'yan sanda a 2018, ya ce 'yan sanda sama da 150,000 suna gadin manya ne da riƙe musu jaka. Sanatan da ke cewa bindiga haɗari ce ga talaka, da mota cike da 'yan sandan kwantar da tarzoma yake zuwa ɗaurin aure.

Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Arewa ta riga ta gwada wannan magani, kuma an san yadda ya yi wa majinyacin.

Zamfara ce makaranta. Lokacin da satar shanu da fashi suka addabi yankin Ɗansadau da kewaye a farkon shekarun 2010, mutanen ƙauyuka suka kafa 'yan sa-kai, da bindigogin toka da adduna da layu. Da farko an yi musu tafi. Daga baya suka zama su ne masu kamu, su ne alƙalai, su ne hauni. Ana tare Bafulatani a kasuwa ranar cin kasuwa a yanka shi a gaban jama'a bisa zargi kawai, ba ɗan sanda, ba kotu. 'Yan uwan waɗanda aka kashe suka sayar da shanu suka sayi bindigogin da suka fi na 'yan sa-kai, suka shiga daji, kuma daga ramuwar gayya abin ya rikiɗe ya zama sana'a. Kwamitin da Matawalle ya kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar M. D. Abubakar ya ƙirga mutum sama da 6,000 da aka kashe a jihar tsakanin 2011 da 2019. Wannan ba wanke 'yan ta'adda ba ne, wanda ya ƙone gari ya yi wa mata fyaɗe ba shi da wani uzuri. Amma duk wanda ya bibiyi tarihin rikicin ya san makamin da ba mai tambayarsa ya ƙara wa wutar fetur. Ko a inda jama'a suka yi jarumta tsakani da Allah, sakamakon yakan zo da ɗaci. A Agustan 2025 'yan bindiga suka buɗe wuta kan masallata da asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi, suka kashe gommai, kuma gwamnatin Katsina ta ce ramuwa ce kan kwanton ɓaunar da mutanen garin suka yi musu kwanaki kaɗan kafin nan. Mutanen sun yi abin da manya suka ce su yi. Da ɓarayin suka dawo, babu wanda ya tsaya musu.

Sai kuma Uromi, wadda ya kamata kowane Bahaushe mai kiran a saki bindiga ya tsaya ya yi tunani a kanta. A ƙarshen Maris na 2025, ana daf da ƙaramar Sallah, wasu mafarauta 'yan jihar Kano, akasarinsu daga Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure, suna kan hanyarsu ta komawa gida daga jihar Ribas a cikin babbar mota. 'Yan sintiri a garin Uromi na jihar Edo suka tare su, suka ga bindigogin toka, aka yi kururuwar masu garkuwa da mutane. Mutum 16 aka kashe, aka cinna wa wasu wuta. Gwamnan Edo Monday Okpebholo ya je har Kano ta'aziyya. A wannan rana ɓangarori biyu na mafarkin kare kai suka haɗu a kan titi ɗaya: masu tsaron gari da ba hukumar da ke riƙe da linzaminsu, da matafiya masu ɗauke da mafi ƙanƙantar makami da dokar ƙasa ta sani. Bindigar ba ta kare masu ita ba. Ita ce ma ta zama shaidar da aka yanke musu hukunci da ita.

A mayar da wannan lissafi Kurudu. Idan gobe aka buɗe ƙofar lasisi, wa zai samu? Mai gida a rukunin gidaje, wanda ke da takardar banki, da likitan da zai sa masa hannu, da aboki a hedikwatar 'yan sanda, da kuɗin da ya kai jarin ɗan acaɓa. Maigadinsa ba zai samu ba, mai ruwa ba zai samu ba. Su ne kuwa waɗanda ake fara nunawa da yatsa duk lokacin da aka yi sata a unguwa, a ce su ne infoma, su ne idon ɓarayi. Wani lokaci zargin yakan zama gaskiya, sau da yawa kuma laifin mutum kawai shi ne hularsa da harshensa. Mai gidan da tsoro ya hana barci, ga bindiga a gefen gado, ga inuwar mutum a bakin katanga da ƙarfe biyun dare, ba zai tsaya tambayar ko mai kwasar bola ne ya makara ba. Mutanen Abuja ba su manta da rikicin kasuwar Dei-Dei na Mayun 2022 ba, inda hatsarin babur guda ya tayar da faɗa tsakanin 'yan acaɓa da 'yan kasuwa, aka rasa rayuka, aka ƙone kasuwar katako, har ministan Abuja na lokacin, Muhammad Musa Bello, ya rufe kasuwar. A ƙiyasta yadda ranar za ta ƙare da a ce kowane shago da bindiga mai lasisi a ƙarƙashin kanta.

Masu kawo misali da Amurka sukan tsaya a rabin labari. Gaskiya ne gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu, tun 1791, ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami, kuma kotun ƙolinsu ta ƙarfafa shi a 2008 da 2022. Bindigogin da ke hannun farar hula a can sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 kaɗai mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe, fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Wannan a ƙasar da idan an buga waya 'yan sanda kan zo, kotu kuma kan zauna.

Zuwa nan mai karatu zai zaci maganar za ta ƙare da a bar wa hukuma bindiga a koma gida a kwanta. Ina! Mutumin Kurudu yana da dalilin tsoron bindigar hukuma ita ma, kuma ba sai ya yi nisa ba. A kan hanyar da yake bi kullum zuwa aiki, wajen gadar Karu, sojoji suka buɗe wuta kan 'yan Shi'a masu tattakin Arba'in ranar 29 ga Oktoban 2018, kwana biyu bayan irin haka a Zuba. Amnesty International ta ce aƙalla mutum 45 aka kashe a ranakun biyu, rundunar soji ta amsa adadin da bai kai kusa da haka ba, har ta sa bidiyon Donald Trump a shafinta na Twitter don nuna cewa mai jifa da dutse ya cancanci harsashi. A Satumbar 2013 jami'an tsaro sun dira wani kango a Apo da dare suka kashe matasa 'yan ci-rani, yawancinsu masu tuƙa Keke Napep, aka ce 'yan Boko Haram ne. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta bincika ta ce ba su ba ne, ta umarci a biya diyyar naira miliyan 135. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, ranar 3 ga Disambar 2023, jirgin soja maras matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi, aka binne aƙalla mutum 85. Kafin duk waɗannan akwai kisan 'yan Shi'a a Zariya, Disambar 2015, inda gwamnatin Kaduna da bakinta ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya.

Abin da ya haɗa ɗan sa-kai na Ɗansadau, da ɗan sintirin Uromi, da sojan gadar Karu abu guda ne. Kowannensu ya ɗana kunama yana da yaƙinin ba wanda zai tsare shi ya tambaye shi. Wannan ita ce cutar, kuma ƙara yawan masu riƙe da makami ba ya warkar da ita, kamar yadda tattara makaman a hannun masu kaki bai warkar ba. Mahawarar a ba mu ko a hana mu ta cinye lokacin da ya kamata a kashe wajen tambayar wa ke hukunta mai harbi.

Nan ne maganar ta shiga rumfar zaɓe, domin masu iya amsa wannan tambaya ƙuri'a ce ke kawo su.

A 2015 Arewa ta yi zaɓen tsoro, kuma tana da dalili. Bam ya tashi a tashar Nyanya ranar 14 ga Afrilun 2014 ya kashe mutum sama da 70, a daren ranar aka sace 'yan matan Chibok, a Nuwamba aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano. Mutane suka ce kowa ma ya zo in dai ba Shugaba Jonathan ba, balle ga Janar mai gaskiya. Kano kaɗai ta ba Muhammadu Buhari ƙuri'a miliyan 1.9, aka yi sak daga sama har ƙasa, aka kwaso 'yan majalisar da ko sunansu ba a sani ba. Wata bakwai da rantsar da shi aka yi kisan Zariya, kuma mafi yawan masu zaɓensa suka kau da kai, wasu ma suka yi murna, saboda waɗanda aka kashe ba 'yan ɗariƙarsu ba ne. Daga nan gwamnati ta gane farashin ran talaka a kasuwar siyasa. An rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. An katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, sannan a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, duk da sunan tsaro. Jama'a suka haƙura suka ba da 'yancinsu, tsaron kuma bai zo ba. An kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 shugaban ƙasa yana Daura, an tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022, an fasa gidan yarin Kuje a Yulin shekarar.

A 2023 aka sake buga wannan lissafi da sababbin sunaye. Wani ya zaɓi Bola Tinubu don tikitin Musulmi da Musulmi, wani ya zaɓi Atiku Abubakar don ɗan gida ne, wani ya zaɓi Peter Obi don ya gaji da jam'iyyun biyu, Kano ta bi Rabi'u Kwankwaso. Kaɗan ne suka ce nasu mutumin kirki ne ba tare da sun haɗa da "ai dai ya fi wancan" ba. Mafi rinjaye kuwa ba su fito ba sam: cikin masu rajista miliyan 93, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, Tinubu ya hau da ƙuri'a miliyan 8.79. Bayan shekara guda, matasan da suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a Agustan 2024 suka gamu da harsashi a Kano da wasu garuruwan Arewa. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da yara ƙanana da aka kamo daga Kano da Kaduna a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, bayan wata uku a tsare, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi don yunwa, aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Sai da hotunan suka zaga duniya sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su.

Malamai sukan kafa hujja da ƙa'idar fiƙihu ta ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu idan ba makawa sai an ɗauki ɗaya, kuma ƙa'ida ce ingantacciya. Mai cewa duk ɗaya ne, ya zauna a gida ranar zaɓe, bai tsira ba, ya dai bar wa mai rabon taliya da atamfa filin ne. Matsalar tana wajen yadda ake aiki da ƙa'idar. Wanda larura ta sa ya ɗauki cuta mai sauƙi bai daina kiranta cuta ba, ba ya yi mata waƙa, ba ya zagin wanda ya nuna masa illarta. A siyasar Arewa kuwa, dama-daman jiya shi ne waliyyin yau. Da zarar an rantsar da shi, masu zaɓensa sun zama lauyoyinsa kyauta, duk wanda ya yi ƙorafi a ce ɗan adawa ne ko maƙiyin addini. Ɗan siyasar da ya san zai sami ƙuri'ar mutum muddin ya tsorata shi da abokin hamayya, ba shi da dalilin cika masa alkawari ko ɗaya. Aikinsa kawai ya tabbata akwai dodo a ɗaya ɓangaren duk bayan shekara huɗu.

Mutumin Kurudu yana da wata matsalar ta daban da ɗan Katsina ba shi da ita. Ba shi da gwamna, ba shi da majalisar jiha. Ministan da ke riƙe da Abuja, Nyesom Wike tun Agustan 2023, shugaban ƙasa ne ya naɗa shi, kuma ga shugaban ƙasa yake ba da bahasi. A zaɓen 2023 Obi ya sami ƙuri'a 281,717 a Abuja, Tinubu 90,902, Atiku 74,194, sannan Kotun Ƙoli ta yanke a Oktoban shekarar cewa ba dole ne ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a Abuja ba kafin ya zama shugaban ƙasa. Ko an yarda da hukuncin ko ba a yarda ba, ma'anarsa ga mai zaɓe a Kurudu a fili take: a babban zaɓe nauyinsa kaɗan ne, kuma mai mulkinsa na yau da kullum ba ya buƙatar ƙuri'arsa. Wike ya zaga ƙananan hukumomi ya yi taron jama'a bayan hare-haren Janairun 2024, 'yan sanda sun kafa runduna ta musamman, an kama wasu, an kashe wasu, abin ya lafa. Sai dai duk wannan alheri ne na wanda ya ga dama, ranar da bai ga dama ba babu akwatin da za a hukunta shi da shi.

Abin da ya rage a hannun mai zaɓen shi ne kujerun da ya fi rainawa. Sanata guda, wadda a 2023 Ireti Kingibe ta karɓe daga Philip Aduda. Ɗan majalisar wakilai na AMAC da Bwari. Shugaban ƙaramar hukuma da kansila, waɗanda a duk Najeriya Abuja ce kaɗai INEC ke gudanar da zaɓensu, kuma ranar zaɓen rumfuna kan kasance fayau, ma'aikata na barci a gida. Alhali dokar 1959 a Majalisar Tarayya take, kuma majalisar nan ita ce ke zaman majalisar dokokin Abuja. Kansila da shugaban ƙaramar hukuma kuwa su ne suka san ko su wane ne 'yan bangan da ke karɓar kuɗin wata-wata a ƙofar kowane layi, wa ya tantance su, wa ya ba su bindigogin da suke ratayawa, ina suke kai wanda suka kama. A waɗannan kujeru 'yan takara sukan fi biyu, ƙungiyar masu gidaje ko ta 'yan acaɓa ko kwamitin masallaci na iya zaunar da ɗan takara su gindaya masa sharaɗi ya saurara. A nan dama-dama yake da farashi.

Sharuɗɗan kuma ba ɓoyayyu ba ne. Jihohin Arewa maso Yamma sun fara gane cewa ɗan sa-kai mai zaman kansa masifa ne, shi ya sa Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Katsina a Oktoban 2023, Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, da doka, da horo, da kaki, da albashi. Ba su tsira daga zargin wuce gona da iri ba, amma aƙalla akwai sunan kowa a rajista, akwai ofishin da za a kai ƙara. Maiduguri ta bi irin wannan hanya da 'yan Kato da Gora tun 2013. Idan za a sa bindiga a hannun farar hula a Kurudu, wannan ce siffar da za a iya karewa: makami mai lamba, a hannun mutumin da unguwa ta tantance, Bahaushe da Gbagyi da Ibo duk da bakinsu a tantancewar, ya karɓa da yamma ya mayar da safe, wanda ya kama kuma ya miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. Lasisin ɗaiɗaiku na bindigar farauta, in za a dawo da shi, a fitar da sharuɗɗansa fili, a ba wanda aka hana damar zuwa kotu, don kada ya zama na masu uwa a gindin murhu kaɗai.

Akwai kuma batun 'yan sandan jihohi, wanda Tinubu da gwamnoni suka amince a duba tun Fabrairun 2024, kuma yana buƙatar gyara sashe na 214 na kundin tsarin mulki da ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasa. Ana ta gardama a kan ko gwamnoni za su mayar da su karnukan farautar 'yan adawa, tsoron da ke da tushe ga duk wanda ya san abin da 'yan dokan En'e suka yi wa 'yan NEPU a Jamhuriya ta Farko. Gwamna dai ana iya kayar da shi a zaɓe. A Abuja babu gwamna. Duk wanda zai zo Kurudu neman kujerar sanata ko ta wakilai, ya kamata ya iso da amsar wa zai riƙe irin wannan runduna a Babban Birnin Tarayya, wa zai binciki jami'inta idan ya harbe ɗan acaɓa a shingen Jikwoyi, kuma ko zai yarda a rubuta cikin doka cewa rahoton binciken sai an buga shi kowa ya karanta.